Allura Kafin Takobi: Jarumai Mata, Shigar Kwaikwayo da Haƙƙin Masu Ɗinki

(Laccar da aka gabatar a taron matasa da masu sana'ar hannu a Ƙofar Guga, Katsina)



 Ina gode wa matasan Ƙofar Guga da suka haɗa wannan zama, suka kuma ga dacewar su miƙa mini abin magana a wannan gari na Dikko, ɗakin kara.

An ce in yi magana a kan wasan da matasan duniya ke kira kosfile, wato mutum ya ɗinka kayan wani jarumi na fim ko na littafin zane, ya sa, ya fito a kamanninsa. Da jarumai mata na waɗannan littattafai. Da kuma girmama masu ɗinka irin waɗannan kaya. Na ga wasu dattawa sun kalli juna, kamar suna cewa, "Yau kuma wasan yaran Turawa aka tara mu a kai?" Ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da na zo da shi ɗaya ne: jarumar da 'yarka za ta gani ta yi sha'awar zama kamarta, hannun mai ɗinki ne yake fito da ita. Idan muka wulaƙanta wannan hannu, wasu ne za su riƙa yi wa jarumanmu sutura, kuma yadda suka ga dama za su yi. Zan bi maganar a gaɓoɓi shida.

Na farko: wasan ba baƙonmu ba ne

A watan Yulin 1939 aka yi babban taron masoya ƙagaggun labaran kimiyya na farko a birnin New York na Amurka. Mutum biyu suka shigo da shiga ta daban, irin ta mutanen wani fim na 1936 da ke hasashen rayuwar gobe. Namijin sunansa Forrest Ackerman, macen Myrtle Douglas. Daga wannan rana ake ƙirga tarihin wasan. A farkon shekarun 1980 wani marubuci Bajapane, Nobuyuki Takahashi, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau, kuma tun 2003 ake yin taronsa na duniya a birnin Nagoya na Japan. A nan gida ma, tun 2012 ake yin bikin littattafan zane a Legas, inda matasa ke fitowa da irin wannan shiga.

To, mu dawo Katsina. Idan azumi ya kwana goma, me yaranmu ke yi bayan an sha ruwa? Yaro zai samo auduga ya liƙa a haɓa, ya cusa tsumma a bayan riga ya yi doro, ya ɗauki sanda yana takawa da ƙyar, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya saiwoyi da sassaƙe ya zama Jatau Mai Magani. 'Yan mata kuma ɗaya ta sa riga da hula ta zama Daudu, ɗaya ta zama Mairama. A gidajen sarauta an san wasan gauta, inda matan cikin gida ke yin shigar sarki da fadawansa, su kwaikwayi yadda ake zaman fada. Matasan ƙauye kuma suna da kalankuwa bayan kaka. Duk wanda ya taɓa yin tashe a cikin wannan taro, ya san daɗin da ke cikin zama wani na dare ɗaya. Bambancin kawai shi ne, su can sun mayar da abin sana'a, da gasa, da alƙalai. Mu kuwa mun bar shi a hannun yara, yana ta ja da baya.

Na biyu: rigar jaruma magana ce

An ƙirƙiro Wonder Woman a 1941. An ƙirƙiro Storm, mace baƙar fata mai tushe a Kenya, a 1975. Shekaru masu yawa maza ne kusan duk masu zana waɗannan mata, kuma sun fi zana su da kayan da ba mayaƙiyar da za ta shiga fagen fama da su. Mata masu karatun littattafan su ne suka fara ƙorafi, musamman waɗanda ke ɗinka kayan su sa, domin wadda za ta sa kaya a jikinta ta shiga taron dubban mutane ita ta san inda suke da matsala.

Ƙorafin ya yi tasiri. A 2012 mai zane Jamie McKelvie ya sake wa Captain Marvel kaya masu rufe jiki daga wuya har ƙafa, mata kuwa suka yi ta ɗinka su. A 2014 kamfanin Marvel ya fara fitar da littafin Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan da ke zaune a New Jersey. Mata biyu Musulmi, Sana Amanat da G. Willow Wilson, suna cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta, kuma kayanta sun ɗauko fasalin doguwar riga da wando da gyale irin na mutanenta. A 2013 aka fara nuna Burka Avenger a Pakistan, malamar makaranta mai kare karatun 'ya'ya mata. A shekarar kuma wata matashiya 'yar Masar, Deena Mohamed, ta fito da Qahera mai hijabi. A Malesiya da Indonesiya akwai 'yan mata masu kosfile da ke naɗa hijabinsu ya ba da launi da fasalin gashin jarumar, ba tare da sun buɗe kai ba. Ko nan ma an taɓo mu: a 2017 Nnedi Okorafor ta rubuta wa Marvel labarin Ngozi, jaruma 'yar Najeriya, wadda labarin 'yan matan Chibok ya zaburar da ƙirƙirarta.

Mu kuwa mun daɗe da sanin cewa sutura tana magana. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa 'Yan Taru don ilimantar da matan ƙauyuka, sai ta riƙa naɗa wa kowace jaji, wato malamar da ke jagorantar ayarin mata, malfa da jan ƙyalle. Malfa kuwa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Nana ta ɗauki abin da mata suka riga suka san alamar iko ne, ta ɗora shi a kan malama. Jaji ta taso daga ƙauye da ayarin mata, duk wanda ya hango malfar nan ya san ba mai tare musu hanya. Ashe ba kayan jaruma ba ne waɗannan? Kuma wa ya saƙa malfar? Wa ya rina ƙyallen?

Na uku: wa zai yi wa Amina sutura?

Kowa a nan ya san Sarauniya Amina ta Zazzau. Tarihin Kano ya ambace ta, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi. Muhammadu Bello ɗan Shehu ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, har ya ce Katsina da Kano sun kai mata haraji. Ku yi haƙuri, Katsinawa, ba ni na faɗa ba, a littafi yake! Amma babu wanda ya zana hotonta a zamaninta. Duk Aminar da kuka gani, ko a mutum-mutumi, ko a bangon littafin makaranta, ko a fim, shawarar mai zane ce da mai ɗinki.

A 2017 Roye Okupe ya fitar da littafin zane mai suna Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina bisa labarin Amina. A 2021 fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix, kuma kun tuna muhawarar da ta tashi a Arewa a kan harshen da aka yi amfani da shi da kayan da aka sa wa 'yan wasan. A ƙetaren iyakarmu, Sarauniya Mangu ta Lugu a Nijar ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Waɗannan mutane sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma sun riga mu. Tambayata ita ce: mu da muke cewa ba a yi daidai ba, ina namu?

Ilimin kuwa yana hannunmu. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Har gobe idan Sarkin Katsina ya yi hawan Sallah, za ku ga 'yan lifidi da 'yan sulke, da dogarai cikin ja da kore, da alkyabba, da dawaki cikin jalala da sirdi mai ado. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Wanda ya iya ɗinka lifidi, ya dinga cusa auduga tsakanin yadi biyu yana bin ta da allura layi-layi har ta yi kaurin da za ta tare kibiya, ya fi kowane mai zane a Landan sanin yadda mayaƙin ƙasar Hausa yake shiga. Wa ya taɓa zuwa ya tambaye shi?

Na huɗu: hannun da ba a gani

Ku koma kan mutum biyun nan na 1939. Myrtle Douglas ce ta tsara kayan, ita ta ɗinka su, nata da na abokin tafiyarta. Amma shekara da shekaru sunan namijin ake kira a matsayin wanda ya fara. Ta rasu a 1964, sai daga baya masu bin tarihin wasan suka dawo mata da haƙƙinta. Haka kuma sai a 2019 baƙar fata ya fara cin kyautar Oscar ta tsara sutura, lokacin da Ruth Carter ta ci saboda fim ɗin Black Panther. Ta sake ci a 2023. Jajayen kayan dakarun mata na fim ɗin, daga aikin duwatsun Masai da zobban wuyan matan Ndebele ta ɗauko su. An san sunanta yanzu. Matan da suka gaji aikin duwatsun tun kaka da kakanni fa?

Bari mu dubi babbar riga ɗaya, aska takwas. Kafin ta hau kafaɗar mai sarauta, masaƙi ya saƙa ƙyallayenta fale-fale, ko ɗan kasuwa ya yanko shadda. Tela ya haɗa su, ya fitar da wuya da aljihu, ya sa shafi. Mai zane ya shimfiɗa ta, ya ɗauki alƙalami da tawada ya fitar da asake da tambari da dagi. A da almajirai da malamai ne suka fi yin wannan, domin hannunsu ya saba da rubutun allo. Sannan mai aikin hannu ya zauna a zaure, ya ɗora ta a gwiwa, yana sukar allura ɗaya bayan ɗaya da zaren tsamiya, makonni ko watanni, har idonsa ya fara yaji. Daga nan a kai mabuga, a yayyafa ruwa, a ɗora ta bisa gungume a yi ta bugu har ta ɗauki ƙyalli. Ranar hawa maroƙa za su wasa wanda ya sa ta. A cikin mutum biyar ɗin nan, sunan wa za a kira?

Mata sun fi shiga wannan duhu. Hular da ke kan yawancinmu a nan, mace ce ta ɗinka ta a tsakar gida, tsakanin girki da raino, yaro ya kai wa dillali, dillali ya sa farashin da ya ga dama. A birnin Zariya wasu mata masu aikin hannu sun haɗu tun 1994 a ƙarƙashin sunan Sarauniya Amina, suna sayar da aikinsu da sunan ƙungiyarsu har ƙasashen waje. Abin da haɗin kai da suna ke yi ke nan.

Kada kuma wani ya ce sana'ar ta ƙasƙantattu ce. Alƙur'ani ya ba mu labarin yadda Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, ya koya masa saƙa sulke. Malaman tarihi sun ambaci Annabi Idrisu da ɗinki. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima da ɗinkin fata, tana sadaka da abin da ta samu. Wa ya isa ya raina allura bayan wannan?

Na biyar: girmamawa abu huɗu ce

Girmamawa ba "sannu da aiki" kaɗai ba ce. Ga abin da nake nufi da ita.

Suna. Idan ɗaliba ta fito a shigar Amina ko Daurama a bikin makaranta, ko a Ranar Hausa ta Duniya da ake yi kowace 26 ga Agusta, mai gabatarwa ya faɗi wanda ya ɗinka. Idan ka sa hoton a Facebook ko TikTok, ka rubuta sunan shagon, in mai shi ya yarda. 'Yan Kannywood kuma su daina barin sunan mai kula da sutura yana wucewa da gudu a ƙarshen fim, lokacin da kowa ya tashi. A gasar Nagoya sharaɗi ne kayan su zama aikin hannun masu gasar, kuma alƙalai suna duba ɗinkin kusa da kusa. Yaba kyauta tukwici.

Kuɗi. Mutum zai sayi shadda mai tsada bai nemi ragi ba, ya zo wurin tela ya tsaya ciniki kamar zai yi kuka. Ya manta da zare, da man janareto, da hayar shago, da yaran da ke koyon aiki. Ya ba da kafin alƙalami, ya karɓi kaya ya ce, "Zan aiko da ciko," shi ke nan sai wata Sallar. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma addininmu ya yi horo a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Akwai kuma masu cewa, "Ki ɗinka mini kyauta, ai zan tallata ki." Talla ba ta sayen gero.

Lokaci. Ku leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi, ƙarfe biyun dare. Yadi jibge har rufi, kowane da ƙyallen suna a maƙale. Keke yana ta ƙara, yaro yana hura dutsen guga na gawayi, maigidan ya rataya tef a wuya, alli a bayan kunne, a nan zai yi sahur. A wannan hali wani zai shigo da waya a hannu, ya nuna hoto ya ce, "Irin wannan nake so, jibi." Ba a fafe gora ranar tafiya. Kayan jaruma kuwa sun fi na Sallah wuya, domin babu samfurinsu. Sai an yi awo, an gwada, an farke, an sake. Na ga teloli a baya suna gyaɗa kai. To ku ma ga naku: kada ka karɓi aikin da ka san ba za ka gama ba, kada ka ce "gobe" alhali ko yanka ba ka yi ba, kada ka riƙe ragowar yadin mutane. Alkawari kaya ne. Mai son a girmama sana'arsa, shi ne na farkon girmama ta.

Mutunci. A tarukan kosfile na Amurka matsalar taɓa mata da ɗaukar hotonsu ba izini ta yi yawa, har a 2014 masu shirya babban taron New York suka kafa alluna da ke cewa shigar da mace ta yi ba izini ba ce ga kowa. Sau da yawa matar da ke cikin kayan ita ce ta ɗinka su. Wanda ya ci mata mutunci ya ci na mai sawa da na mai yi a lokaci guda. Mu a nan namu salon shi ne waya. Yarinya ta fito a bikin makaranta, wani ya ɗauke ta ba ta sani ba, ya watsa, a yi ta yi mata dariya ko zagi a ƙasan hoton. Gobe wace uwa za ta bar 'yarta ta sake fitowa? Ka nemi izini kafin ka ɗauka, ka nemi izini kafin ka watsa. Idan kuma kayan ba su yi kyau ba, ka tuna mai koyo ce. Babu gwanin da bai taɓa karkatar da wuyan riga ba.

Na shida: abin da za mu iya yi a Ƙofar Guga

Ba sai mun jira gwamnati ba. Makarantun unguwa, na boko da na Islamiyya, za su iya ware rana guda a shekara ta jarumanmu mata: Daurama, Amina, Nana Asma'u da jajinta, Sarauniya Mangu. A haɗa ɗaliba mai bincike, da yaro ko yarinya mai iya zane, da tela ko baduku na unguwa. Su je gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina su duba kayan da, su zauna da masu kayan doki su yi tambaya. Shigar ta dace da addininmu da tarbiyyarmu, kuma wannan ba takura ba ce ga mai basira. Lifidi da alkyabba da rawani da malfa sun ishi jaruma kwarjini. A ba da kyauta biyu daidai wa daida, ɗaya ga wadda ta sa, ɗaya ga wanda ya ɗinka, a kira su tare gaban jama'a.

Matasanmu masu zane a waya da kwamfuta kuma, ku rubuta labaran zane da Hausa. Kafin ku zana rigar jarumarku, ku kai wa tela ya gaya muku ko za ta ɗinku, ko mace za ta iya hawa doki da ita, ko za ta iya sallah a cikinta. Ku sa sunansa a littafin. Iyaye kuma, idan kun ga yarinya tana tara ƙyallaye tana yi wa 'yartsana kaya, kada ku ce ɓata lokaci take. Ku kai ta wurin wadda ta iya, ku biya kuɗin koyo kamar yadda kuke biyan na makaranta.

Jama'a, a nan zan dakata.  Masu sana'ar hannu, Allah ya sa albarka a allurarku da almakashinku, ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, kuma ina roƙon shugaban taro ya fara ba teloli da iyayenmu mata dama.